Ziyarar Ƙurɗuba: Tsakanin Tsohon Masallaci da Gidan Zane-Zane

Gabatarwa

Sunan Ƙurɗuba ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ruwayar da ke hannunsa ta Yahaya bn Yahaya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a shekarar 848 Miladiyya. Mai neman bayanin ayoyin hukunci yakan koma ga tafsirin Ƙurɗubi, wanda sunan garin ya zame masa laƙabi. Ishiriniyar da ake rerawa a watan Maulidi daga Zazzau har Damagaram, mawallafinta Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne, haka ma Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid. In aka leƙa sauran garuruwan Andalus, za a tarar da Ibn Malik mai Alfiyya daga Jayyan, da Ibn Asim mai Tuhfa daga Garnaɗa, littafin da alƙalan kotunan shari'a suka daɗe suna dogaro da shi.

Saboda haka idan taron ilimi ko wata hidima ta kai manazarcin Hausa ƙasar Sifaniya, ba abin mamaki ba ne ya nufi Ƙurɗuba da ɗoki irin na mai zuwa ganin dangi. Sai dai ziyarar takan bi turba ɗaya: a shiga tsohon masallaci, a tsaya gaban mihrabi, a yi jimamin mulkin da ya shuɗe, a wuce Garnaɗa. Gidajen zane-zane guda biyu da ke dandalin Potro, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga masallacin, ba kasafai suke shiga lissafi ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ziyarar da ta tsaya ga jimami rabin ziyara ce. Tambayar da ta fi cancantar manazarci ita ce: wa ya riƙe waɗannan gine-gine har suka kawo yau, kuma wane labari mai riƙon yake bayarwa a kansu? Amsar tana cikin masallacin, tana kufan Madinatuz Zahra, kuma kaso mai tsoka nata yana cikin gidan zane-zanen da ake tsallakewa.

Abin da masallacin ke faɗa

Abdurrahman na Ɗaya, Ba'umayyen da ya tsira daga takobin Abbasiyawa, shi ya aza harsashin masallacin a wajajen 785. Magina suka kwaso ginshiƙai daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bisigot. Da suka ga ginshiƙan gajeru ne, sai suka ɗora bakan gizo a kan bakan gizo, suka jera jan bulo da farin dutse bi da bi, rufin ya ɗaga sama. Wannan dabara ta mai gini da abin da ya samu a hannu ita ce ta zama alamar Ƙurɗuba a idon duniya. Abdurrahman na Biyu ya faɗaɗa ginin a ƙarni na 9. Abdurrahman na Uku, wanda ya ɗauki laƙabin halifa a 929, ya gina hasumiya. Ɗansa Hakam na Biyu ya ƙara tsawo daga 961, ya ƙawata mihrabi da ƙananan gilasai masu ruwan zinare, aikin da gwanaye daga Ƙusɗanɗiniyya ta Kiristoci suka taimaka a kai. Waziri Mansur ya yi ƙari na ƙarshe ta gefen gabas daga 987. Ginin ya kai kusan mita 180 a tsawo da 130 a faɗi, kuma ginshiƙan da suka rage a yau sun haura 850.

Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236, aka mayar da masallacin majami'a. Nan ne labarin jimami yakan tsaya, alhali nan ne darasin ya fara. A Toledo an share babban masallacin gari aka gina majami'a a gurbinsa. A Ishbiliya an rushe na Muwahhidawa a ƙarni na 15, ba a bar komai ba sai hasumiya da farfajiya. A Ƙurɗuba kuwa an shafe kusan shekara ɗari uku ana ibadar Kirista a ƙarƙashin bakan gizon Umayyawa, ana kuma wajabta wa magina da kafintoci Musulmi da suka rage a garin su ba da wasu kwanaki a kowace shekara don gyaran ginin. Da bishof Alonso Manrique ya ƙudurta fasa tsakiyar masallacin a 1523 don ya gina doguwar majami'a irin ta zamaninsa, majalisar gari, wadda duk mambobinta Kiristoci ne, ta tashi tsaye ta hana, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Sarki Carlos na Biyar ya goyi bayan bishof, aiki ya ci gaba. Ana ba da labari cewa da sarkin ya ga abin da aka yi da idonsa ya yi nadama. Daga 1593 kuma aka lulluɓe hasumiyar Abdurrahman da hasumiyar ƙararrawa, tana nan ciki har yau kamar takobi a kube.

Wanda ya tsaya a tsakiyar ginin zai ga rauni, kuma babu amfanin musun haka. Amma zai kuma ga cewa fiye da rabin rayuwar wannan gini ya yi ta ne a hannun mutanen da ba su gina shi ba, kuma a cikinsu an sami waɗanda suka ɗauke shi abin alfaharin garinsu har suka yi jayayya da shugabannin addininsu a kansa. Ba a fahimtar dalilin da ya sa masallacin ke tsaye sai an sa waɗannan mutane a cikin labarin.

Kufan Madinatuz Zahra

Kimanin kilomita 8 yamma da gari akwai shaida ta biyu. Abdurrahman na Uku ya fara gina Madinatuz Zahra a wajajen 936 don ta zama fadar halifanci. Ba ta cika shekara tamanin ba aka wargaza ta. Waɗanda suka wawashe ta suka cinna mata wuta tsakanin 1010 da 1013 rundunonin Musulmi ne, a yaƙin basasar da ya kai ga rugujewar halifancin a 1031. Bayan haka ta zama ma'adanar dutse, kowa ya zo ya ɗiba, ƙasa ta binne saura, har mutanen yankin suka manta sunanta suna kiran wurin Tsohuwar Ƙurɗuba. Sai a 1911 aka fara tono ta a ƙarƙashin jagorancin Ricardo Velázquez Bosco. UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan tarihin duniya a 2018, shekara 34 bayan masallacin, wanda ya shiga a 1984.

In aka jera wuraren biyu, hukuncin ba ya ɓuya. Ginin da aka ƙwace aka ci gaba da amfani da shi ya rayu da tabonsa. Ginin da masu shi suka yi faɗa a kansa suka watse ya koma kufai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka kuma tarihin ilimin garin bai yarda a raba mutane gida biyu, masu gini da masu rushewa ba. Mansur da ya faɗaɗa masallaci shi ne ya sa aka tsamo littattafan falsafa daga taskar Hakam aka ƙone. An ƙona littattafan Ibn Hazm, ɗan Ƙurɗuba, a Ishbiliya yana raye. An kori Ibn Rushd zuwa Lusena a 1195. Iyalin Musa bn Maimun, babban malamin Yahudawa, sun bar garin a zamanin Muwahhidawa. Daga ɗaya ɓangaren kuma an kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492, an ƙona littattafan Larabci a Garnaɗa, an tilasta wa Musulmi barin addininsu, sannan aka kori zuriyarsu tsakanin 1609 da 1614. Labarin aljannar da aka rasa bai ɗauki dukan wannan ba. Labarin zaman lafiyar addinai uku da masu tallar yawon buɗe ido ke sayarwa shi ma bai ɗauke shi ba.

Rikicin suna

Mai riƙon gini shi ke rubuta allon bayani, kuma a nan ne rikicin Ƙurɗuba na yau yake. A 2006 hukumar majami'ar Katolika ta garin ta yi rajistar ginin da sunanta, a kan kuɗin da bai wuce Yuro 30 ba, bisa wata dama da dokar mallakar ƙasa ta ba ta. A shekarun da suka biyo baya kalmar masallaci ta ɓace daga takardun da ake raba wa baƙi, aka bar sunan majami'a kaɗai, aka kuma ƙarfafa batun cewa an gina masallacin ne a kan cocin San Vicente na zamanin Bisigot, batun da masana binciken kufai ba su daidaita a kansa ba. 'Yan ƙasar Sifaniya da dama, galibinsu ba Musulmi ba, suka sa hannu a takardar koke, suna neman a dawo da sunan, a kuma ɗauki ginin a matsayin dukiyar jama'a. A 2016 aka koma kiransa Masallaci-Majami'a. Batun mallaka dai bai mutu ba, kuma har yanzu ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Gobarar da ta tashi a ɓangaren ƙarin Mansur a watan Agusta na 2025 ta sake tayar da tambayar wa ke kula da ginin, kuma a gaban wa zai amsa.

Wannan fage ne da manazarcin harshe ya fi kowa cancantar shiga. Wace kalma aka sa a gaba, wace aka jinkirta, wane zamani aka kira asali, wane aka kira kutse, duk aikin nazarin matani ne. Baƙon da hawaye suka cika masa ido ba zai karanta allon ba, balle ya ga inda aka karkata alƙalami.

Gidan zane-zane

A dandalin Potro akwai wani tsohon asibitin jinƙai na ƙarni na 15. Farfajiyarsa ɗaya ce, ƙofofi biyu na kallon juna: Gidan Zane-Zane na Ƙurɗuba, da gidan da aka keɓe wa ayyukan Julio Romero de Torres. Asalin na farko shi kansa darasi ne. A shekarun 1830 gwamnatin Sifaniya ta rufe gidajen ruhubanawa ta ƙwace dukiyarsu. Zane-zanen da aka kwaso daga bangayensu su ne aka tara aka kafa gidan da su a 1844, kafin ya tare a asibitin a 1862. Wato ayyukan Antonio del Castillo da Valdés Leal da ake gani a can an yi su ne don ibada, hukuma ta cire su daga wurin ibada, ta sa musu lamba da suna da shekara, ta ce daga yau na kowa ne. A irin wannan ɗaki ne aka haifi tunanin cewa abu zai iya fita daga hannun addini ɗaya ya zama gadon al'umma duka. Da wannan tunani ne aka ayyana masallacin abin tarihi na ƙasa a 1882, kuma da shi ne masu koke na wannan zamani suke kafa hujja.

Alaƙar ba ta tsaya ga tunani ba, ta kai ga mutane. Rafael Romero Barros, mai zane wanda ya kula da gidan tun 1862, yana cikin waɗanda suka yi tsaye a kan ɗan ƙaramin wurin ibadar Yahudawa na 1315 bayan an gano rubutun Ibrananci a ƙarƙashin shafen bangonsa a 1884, har aka ba shi kariyar hukuma a shekara mai bi. Mateo Inurria, masassaƙin da ayyukansa suka cika sashe guda na gidan, ya yi aiki tare da Velázquez Bosco wajen sabunta ƙofofin masallacin na waje. Wani ɓangare na adon da baƙo ke ɗaukar hotonsa a matsayin aikin Umayyawa ya ratsa ta hannun waɗannan mutane na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Wanda bai san su ba zai riƙa yabon ƙarni na 10 a kan sassaƙar da aka sabunta shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce.

A ɗaya gefen farfajiyar kuma akwai abin da ya fi wannan jan hankali. Julio, ɗan Romero Barros, an haife shi a wannan gida a 1874, ya rasu a 1930, aka buɗe gidan ayyukansa a 1931. Shi ne mai zanen da mutanen garin suka ɗauka madubinsu, har hoton wata mata da ya zana ya hau takardar kuɗi ta peseta 100 a 1953. Tsakanin 1913 da 1915 ya yi wani babban aiki mai suna Poema de Córdoba, alluna bakwai a jere, kowanne da siffar mace a gaba da wani sashe na gari a baya, kowanne yana wakiltar fuska ɗaya ta Ƙurɗuba. Akwai ta mayaƙa da Gran Capitán, da ta adabi da mawaƙi Góngora, da ta Yahudawa da Ibn Maimun, da ta Kiristanci da Mala'ika Rafa'ilu, da ta Rumawa da Seneca, da ta malaman coci da bishof Osio, da ta wasan bijimi da Lagartijo. Babu allo ko ɗaya na Ƙurɗubar Musulmi. Mulkin shekara fiye da 500, da halifanci, da Ibn Rushd, da Ibn Hazm, ba su sami gurbi ba a hoton da garin ya fi so na kansa, kuma ɗan gidan da ya yi hidimar ceto tsofaffin gine-gine ne ya zana shi.

Wannan giɓi ya fi dogon jawabi bayyana yadda gari zai iya riƙe dutse ya saki mutanen da suka sassaƙa shi. Yana kuma nuna cewa rikicin suna na 2006 yana da saiwa mai nisa. Ba a ganin wannan daga gaban mihrabi. Sai an taka zuwa dandalin Potro.

Uzurin masu ƙin shiga

Akwai uzuri biyu da suka cancanci amsa. Na farko na addini ne: gidan cike yake da surorin mutane da gumakan waliyyan Kirista, kuma wasu ayyukan Romero de Torres na mata ne ba sutura. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma kowa yana da ikon tsayawa inda zuciyarsa ta natsu. Abin lura kawai shi ne, kallon nazari daban yake da kallon girmamawa, kamar yadda mai nazarin bori ko tsafe-tsafen Maguzawa ba ya zama mabiyinsu. Ban da haka, fadar halifa kanta ba ta rasa surori ba. Barewar tagulla da ruwa ke fita ta bakinta daga Madinatuz Zahra ta fito, haka ma akwatin hauren giwa na Mugira, ɗan Abdurrahman na Uku, wanda aka sassaƙa a 968 da siffofin mutane da zakoki, yake kuma ajiye a gidan tarihi na Louvre a Faransa. Wanda ya kawar da kai daga sura gaba ɗaya zai rasa wani yanki na Andalus ɗin da ya zo nema.

Uzuri na biyu na fage ne: me ya haɗa nazarin Hausa da zanen Turawa? Amsar tana bakin mutanen garin. Shugaban majalisar gari a Sifaniya sunansa alcalde, daga kalmar Larabci guda da ta ba Hausa alƙali, kuma harsunan biyu duka sun haɗiye al- ta Larabci ta zama jikin kalma. Musulmin da suka rage a Sifaniya sun rubuta harshen ƙasar da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado, tushensa ɗaya da ajami. Al'ummomi biyu ne da suka zauna a gefe biyu na duniyar Malikiyya ta yamma, suka sha daga littattafai iri ɗaya, tarihi ya kai su wurare mabambanta. Yadda ɗaya ta tuna ko ta manta wannan gado abin kwatance ne ga ɗayar.

Kammalawa

Kwatancen yana da amfani ne in an yi shi da adalci. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 da bakan gizo na ƙasa da azara, an kewaye abin da ya rage nasa da sabon gini a shekarun 1970, kuma mai son ganin cikakkiyar siffarsa ta asali sai ya je Jos ya ga kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Badalar Kano na zaizayewa a gaban idon jikokin waɗanda suka gina ta. Babu Fernando ko bishof Manrique da za a ɗora wa laifin wannan. Mai kuka a kan bakan gizon Ƙurɗuba yana da bakan gizon da ke jiransa a gida.

Don haka abin da ya dace da manazarcin da ya sami wannan dama shi ne ya ba garin kwana biyu ko uku, ya karanta masallacin da allunan bayaninsa kamar yadda yake karanta rubutun hannu mai sharhi a gefe, ya fita zuwa Madinatuz Zahra, ya kuma tsaya gaban alluna bakwai na Romero de Torres ya ƙirga wanda babu. In ya dawo, ya rubuta abin da ya gani da Hausa, da kalmomin maginan Hausa, domin adabin tafiye-tafiye na wannan harshe yana buƙatar shaidar ido da ta wuce begen Andalus. Ɗaliban da ke haddace Ishiriniya sun cancanci sanin garin da mawallafinta ya fito yadda yake a yau: wa ke riƙe da makullinsa, da wane suna ake kiransa, kuma su wane ne aka bari a wajen hoto.